Daga Ijebu zuwa Intanet: Wane Ne Ke Shaidar Kuɗi?

A kasuwar Sabon Garin Zariya, da zarar an ce abu jabu ne, ciniki ya mutu, ko magani ne, ko takalmi, ko takardar shaidar karatu. Kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe har ba a jin baƙuntarta. Asalinta kuwa sunan wuri ne, Ijebu ta ƙasar Yarabawa, wadda ta yi ƙaurin suna wajen buga sulallan ƙarya a zamanin mulkin mallaka. Tarihin kalmar tarihi ne na tambaya guda: idan mutum bai iya gane ingancin kuɗi da kansa ba, maganar wa zai kama?

Kafin zuwan Turawa tambayar ba ta da nauyi sosai. Kuɗin kasuwa wuri ne, wanda ake kawowa daga tsibiran Maldibs da gaɓar Afirka ta Gabas, kuma babu maƙerin da zai iya ƙera shi. Wahalarsa ƙirga ce da dako. Babban ciniki kuwa ana yin sa da dalar azurfa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canja dala ɗaya a kan wuri 2,500. Wadda ta fi karɓuwa daga Borno har Bahar Maliya ita ce mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, mai nauyin giram 28, wadda kashi 83 cikin ɗari nata azurfa ce tsantsa. Ɗan kasuwa yakan auna ta a tafin hannu, ya jefa ta a kan dutse ya saurari ƙararta, ya duba adon da ke kafaɗar sarauniyar ko ya goge. Darajar tana cikin ƙarfen, don haka kowane mai kunne da ido alƙalin kansa ne.

Mulkin Ingila ya sauya wannan. A 1904 aka hana shigo da wuri, aka fara fitar da anini da kwabo masu huji a tsakiya daga 1907. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, aka kafa injin gurzar auduga a garin. Manoman ƙauyuka irin su Dogarawa suka shiga sabon zagaye: a sayar da auduga, a karɓi sule, a biya haraji da shi. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, ta fitar da sulallanta na azurfa a 1913, jama'a kuma suka karɓe su domin tsohuwar hanyar gwaji tana aiki a kansu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ɓata lissafin. Azurfa ta yi tsada, sulalla suka yi ƙaranci, hukuma ta fito da kuɗin takarda wanda kasuwa ta yi ta karya wa daraja. A 1920 aka maye gurbin azurfa da gaurayen ƙarfe mai launin tagulla. Daga ranar, darajar sule ta tashi daga ƙarfensa ta koma kan hatimin da ke jikinsa, hatimi kuwa abu ne da ake iya kwaikwaya. Maƙera suka riƙa danna sulen gaske a cikin mazubi, su narka ƙarfe mai arha su zuba. Masana tarihi Toyin Falola da Ayodeji Olukoju sun yi nazarin yadda sana'ar ta bunƙasa a kudu maso yamma tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, jirgin da ke kai auduga da gyaɗa kudu kuma shi ke dawowa da mutane da kuɗinsu, na kirki da na banza. Asarar takan faɗa a kan na ƙarshe da sulen ya shiga hannunsa, sau da yawa manomin da aka ƙi karɓa masa a wurin biyan haraji. Sai a 1938 hukuma ta sake sulallan, ta yi musu wani siririn kwari a gefe wanda mazubi ba ya iya fitarwa da kyau.

Waɗannan sulalla sun daina aiki tun da daɗewa. Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗinsa a 1959, naira ta zo a 1973. Amma suna nan a gwangwanaye da adakar kakanni, kuma yanzu sun zama hajar masu tara tsofaffin kuɗi, inda tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga. A wannan kasuwa farashi ya rataya ne a kan lafiyar sule: ya goge ko bai goge ba, an wanke shi ko an bar shi yadda yake. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70. Kamfanonin PCGS a 1986 da NGC a 1987 suka mai da shi sana'a: su duba sule, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin roba da takardar shaida. Bambancin lamba ɗaya a saman ma'aunin yana iya ninka farashi.

Abin da ya faru a 1920 ya maimaita kansa. Da daraja ta koma kan takardar da ke cikin robar, sai aka shiga buga takardar. Ƙananan kamfanoni suka ɓullo suna raba manyan lambobi ga duk wanda ya biya, wasu masu sayarwa a gwanjon intanet suka sayi robar da kansu, suka ba kayansu lambar da suka ga dama, wasu kuma suka kwaikwayi robar manyan kamfanonin. Har ta kai kasuwar eBay ta taƙaita kamfanonin da za a iya ambaton lambarsu a talla. Su ma manyan ba su tsira ba: a 1990 hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhumi PCGS a kan iƙirarin da take yi game da daidaiton ma'auninta, aka ƙare da sulhu.

Dalar Mariya Teresa ita ce tarkon da ya fi kusa da gida. Kusan duk wadda ta iso ƙasar Hausa tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana, daga baya a Landan da Paris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau ana buga ta. Wanda ya gaji guda, galibi abin da ya gada kuɗin azurfarta ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ya tallata ta a Facebook da sunan abin tarihi mai wuyar samu, shekarar yake sayarwa.

Kasuwar Hausa ta daɗe da nata maganin. Dillali yana cin la'ada, amma yana zaune a rumfar da aka san shi, gobe ma a nan za a same shi, fikihun Malikiyya kuma ya ba mai saye haƙƙin mayar da kaya idan ɓoyayyen aibi ya bayyana. Shaidarsa tana da nauyi domin idan ta zama ƙarya shi ma zai yi asara. Da wannan ma'auni ake auna takardar cikin roba. Lambar da ke jikinta tana cikin rajistar kamfanin da ake cewa ya bayar? Kamfanin yana biyan diyya idan ya yi kuskure? Mai shaidar daban yake da mai kayan? Idan amsar ta ƙarshe a'a ce, lambar yabon mai kaya ce kawai, ma'aunin maƙerin azurfa na cikin birnin Zariya ya fi ta faɗin gaskiya.