Daga Fitila Zuwa Hita: Tarihin Ɗumama wa Kifi Ruwa

Idan ka taɓa kwana a Beli ta ƙasar Rogo cikin watan Janairu, ka san hunturu ba wasa ba ne. Da asuba ruwan randa ma sai ka yi ta maza kafin ka taɓa shi. Kai kana da bargo. To kifi fa? Jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar naka, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa.

Kifin da ke Dam ɗin Challawa a Karaye, wanda aka kammala a 1992, yana da sauƙi. Ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa, don haka sanyin dare ɗaya ba ya canza shi sosai. Amma kifin da ka sa a tankin gilashi a ɗaki, ko 'ya'yan tarwaɗa da ake ƙyanƙyasa a baho, ba su da wannan gatan. Matsalar ta daɗe, kuma akwai darasi a yadda aka shawo kanta.

A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan zoo na Landan. Shekara guda bayan haka, Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya sa ajiye kifi a gida ya zama abin yayi a Ingila. A lokacin ba a damu da ɗumama ruwa ba, domin yawancin abin da ake ajiyewa halittun ƙasar sanyi ne, sai kuma jan kifin ado na Sin da ke jure sanyi.

Labari ya fara canzawa a 1869, lokacin da aka kawo wani kifin ado daga Sin zuwa Faransa, Pierre Carbonnier ya samu ya hayayyafa a Paris. Daga nan aka shiga shigo da kifayen ƙasashen zafi, waɗanda sanyin Turai ke kashewa. Dabarar da aka yi ita ce a yi gindin tanki da allon dutse ko ƙarfe, a kunna fitilar mai ko ta gas a ƙarƙashi. Ka ga ai kamar ɗora tukunya ne a murhu. Idan harshen wutar ya yi yawa, kifi ya dahu. Idan fitilar ta mutu cikin dare, sanyi ya gama da shi.

Zuwan lantarki a ƙarni na 20 ya kawar da hayaƙi, amma bai warware ainihin matsalar ba, wato wa zai kashe wutar idan ruwa ya yi ɗumi? Amsar ta fito ne daga wurin masu agogo. A ƙarni na 18, John Harrison na Ingila ya manna ƙarfe iri biyu wuri guda don zafi da sanyi su daina rikita masa agogo. Da yake ɗaya ya fi ɗaya miƙewa idan ya ji zafi, sai sillen ya lanƙwashe. Wannan sille shi ne tamostat na hitocin kifi da yawa: ruwa ya kai zafin da aka saita, ya lanƙwashe ya yanke wuta, ruwa ya huce, ya dawo ya haɗa.

A nan gida Najeriya, gonar kifi ta Panyam a Filato, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950, ta kauce wa matsalar ta hanyar kawo kifin kap daga Turai, wanda sanyin tsaunin Jos bai dame shi ba. Amma daga shekarun 1970 masu bincike a Bangi da Holan suka gano yadda ake sa tarwaɗa ta saki ƙwai da allura, kuma yau ita ce kan gaba a kiwon kifinmu. Ita kuwa ɗumi take so, wajen digiri 26 zuwa 30. A irin wannan zafin ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kusan kwana ɗaya. Ruwa ya yi sanyi, ƙyanƙyasa ta yi jinkiri, ƙananan su rage cin abinci, cuta ta samu ƙofa. Shi ya sa 'ya'yan kifi ke wuya da hunturu a Arewa.

To me za ka ɗauka daga wannan tarihi in za ka sayi hita? Na farko, kada ka kuskura ka tsoma hitar dafa ruwan wanka a tankin kifi. Ba ta da tamostat, wato ka koma zamanin fitila ke nan, ga haɗarin jan wuta. Lissafa da kanka: hita mai wat 1,000 za ta ƙara wa lita 100 sama da digiri 8 cikin awa ɗaya, alhali mai wat 100 sai ta yi fiye da awa kafin ta ƙara digiri ɗaya. Wannan a hankali ɗin shi kifi ke buƙata. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan wat ɗaya ga kowace lita.

Na biyu, tamostat ma yakan maƙale ya bar wuta a kunne. Saboda haka ka sa ma'aunin zafi na daban ka riƙa dubawa safe da yamma, kuma a babban tanki ƙananan hitoci biyu sun fi babba ɗaya aminci. Kafin ka sa hannu a ruwa ko ka rage shi, cire filogi ka bar hitar ta huce, don gilashinta na iya fashewa idan ta fito daga ruwa da zafi.

Idan kuma aka ɗauke wuta da tsakar dare, kada ka zuba tafasasshen ruwa. Rufe tankin da murfi, ka naɗe shi da bargo, ka toshe inda iska ke shigowa. Ruwa na riƙe ɗumi na awoyi, kuma sauka a hankali ta fi wa kifi sauƙi a kan hawa da sauka farat ɗaya.