Tafiya da Hutu a Kudancin Katsina: Daga Ayarin Fatake zuwa Bakin Ruwa

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda ƙasar ta yi iyaka da Zamfara da kuma Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kuma tsakaninsu da tekun Ikko akwai tafiyar da ta kusa kilomita 1,000 a mota. Duk da wannan nisa, hotunan tsibirai masu farin rairayi da itatuwan kwakwa, irin su Zanzibar, sun riga sun cika wayoyin samarin yankin, har ana jin zancen yawon buɗe ido a bakin wanda bai taɓa ƙetare kogin Kwara ba. Mutanen nan sun daɗe da sanin hanya, sai dai kowace tafiya da suka gada tana da dalilin da jama'a suka amince da shi, kuma hutu tsantsa ba ya cikin waɗannan dalilai.

Harshen kansa ya adana wannan bambanci. Akwai fatauci, wato kai haja gari mai nisa. Akwai cin rani, wato barin gida bayan an kawar da amfanin gona don neman kuɗi da kuma rage wa rumbu baki har ruwa ya sauka. Akwai tafiyar almajiri zuwa gabas, da aikin hajji, da ziyarar dangi a lokacin biki ko rasuwa. Abin da ya fita daga wannan jeri sunansa yawo, kalmar da ba kasafai ake yabon mutum da ita ba, shi ya sa ake cewa yawon banza, ko yawon dandi ga wanda ya bar gida ba da izini ba kuma ba da sana'a ba. Sai da aka jingina mata “buɗe ido” a zamanin rediyo da jarida kafin ta sami ɗan mutunci, domin an nuna cewa mai yawon zai komo da wani abu, ko da sani ne.

Shirin tafiya kuwa tsohon ilimi ne a ƙasar Katsina, kuma fataken goro ne suka fi kowa ƙwarewa a cikinsa. A ƙarni na 19 ayari kan tashi da kaka, lokacin da rafuka suka janye, ya nufi Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, inda kasuwar Salaga take, ɗauke da tufafi da fatu da kanwa, ya komo da goro bayan watanni masu yawa. Madugu shi ne shugaban ayari, shi ke sulhu da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, jagaba kuma shi ke gaba don duba hanya da wurin sauka. Kafin a ɗaura wa jaki mangala sai an je wurin malami ya duba rana, a yi sadaka, mata su daka guzuri wanda ba ya saurin lalacewa, a kuma biya bashi ko a bar wasiyya, saboda ba kowa ke komowa ba. Wurin kwana shi ne zango, a manyan garuruwa kuma akwai mai masauki, wanda wasu ke kira fatoma, da ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, shi kuma ya ci la'ada. Wannan alaƙa ta amana ce da kan wuce daga uba zuwa ɗa, kuma ita ce ta sa har yau ɗan Faskari da ya sauka Agege ko Sabo ta Ibadan yake fara tambayar gidan ɗan garinsu kafin ya tambayi otal.

Tekun da yawancin mutanen dā suka fara gani shi ne Bahar Maliya. Alhazan ƙasa sukan bi ta Barno da Chadi da Darfur, suna noma da ƙodago a hanya, wasu su shekara biyar ko fiye kafin su kai Suwakin ko Port Sudan su hau jirgin ruwa zuwa Jidda, don haka a idonsu teku shi ne wahala ta ƙarshe kafin Makka. Jirgin ƙasa ya rage nisan Ikko bayan ya iso Kano a 1911, reshensa da ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi don su. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta teku zuwa Ingila a 1921, ya wuce Makka ya sauke farali, Abubakar Imam kuma ya je Ingila cikin tawagar 'yan jarida a 1943, ya rubuta littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ko a nan ma ibada da ilimi ne suka halatta tafiyar.

A Turai ma zaman bakin teku don jin daɗi ba daɗaɗɗen abu ba ne. Likitocin Ingila ne suka fara tura masu hali wanka a ruwan gishiri don neman lafiya a tsakiyar ƙarni na 18, abin da ya raya garin Brighton. Thomas Cook ya shirya tafiyarsa ta farko ta jama'a a jirgin ƙasa a 1841. Faransa ta kafa dokar hutun shekara mai albashi a 1936, Ingila ta bi a 1938. Tsibiran ƙasashe masu zafi kuwa sai da manyan jiragen sama suka yawaita kafin su shiga kasuwar, domin masaukin farko na masu hutu a tsibiran Maldibs a 1972 aka buɗe shi. Al'adar ta tsaya ne a kan albashin wata da hutun da doka ta yanka, abubuwa biyu da manomin masara a Sabuwa bai taɓa samu ba.

Abin da ya fara shigowa ƙasar Hausa daga wannan tsari shi ne bariki, wato gidan saukar da ake gina wa Baturen mulki a bayan gari don ya kwana idan ya fito rangadi, sau da yawa da aikin tilas na talakawa, waɗanda kuma su ne ke kai itace da ruwa da ƙwai. A kewayen irin waɗannan gidaje, da na tashoshin jirgi da kantunan kamfanoni, aka sami zaman da ya fita daga idon dangi da na mai unguwa, har kalmar ta sauya ma'ana: ɗan bariki ya zama wayayye marar kunya, zaman bariki ya zama abin da uba ke yi wa ɗansa tsoro. Otal ya gaji wannan tabo, kuma duk wanda ya nemi gane dalilin da ya sa magidanci ke jin nauyin kai iyalinsa masaukin haya, to daga nan ya kamata ya fara.

Wannan bai sa ƙauyukan yankin sun rasa lokacin shaƙatawa ba. Idan an gama girbi akan yi kalankuwa, wato bikin samari da 'yan mata na murnar kaka, a yi dambe da kokawa a dandali, mafarauta su shiga daji, a kuma yi su, wato kamun kifi na gayya, a tafkunan da suka fara ƙafewa, inda gari guda ke faɗawa ruwa da homa da gora a ranar da sarkin ruwa ya ba da izini. Da damina kuwa kududdufin bayan gari, wanda ramin ƙasar gini ne ruwa ya cika, shi ne tekun yara: su tuɓe riga su rataye a reshen marke, su rungumi gora su yi iyo, su fito idanu jajur, su shafa ƙasa a ƙafa don kada a gane a gida. Babba ba ya shiga ruwa sai da dalili, mace kuwa rafi wurin wanki ne a gare ta, ga kuma tsoron 'yan ruwa da ake cewa suna jan mutum. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, daga irin wannan su ya girma, kuma mai yiwuwa shi ya sa ya karɓu fiye da duk wani wurin shaƙatawa da gwamnati ta ƙirƙiro.

Gwaji mafi girma na kawo hutun bakin ruwa arewa a Kano aka yi shi, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. An gina madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka kafa otal a gefen kowacce, ta yadda ma'aikaci zai iya kwana yana kallon ruwa ba sai ya je Ikko ba. Turawan kamfanoni da manyan ma'aikata sun amfana na ɗan lokaci, daga baya kulawa ta ragu, har otal ɗin Bagauda ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. A Katsina, wadda ta zama jiha a 1987, akwai madatsar Zobe kusa da Dutsin-ma, da ta Jibiya, da ta Mairuwa a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, amma masunta da masu noman rani da makiyaya ne ke cin moriyarsu, sai ko samari da kan je ɗaukar hoto a ranakun Sallah. Kuskuren masu tsarin shi ne sun kwaikwayi ginin ba su duba wanda zai shiga ba: ba su yi la'akari da iyali mai mutum goma sha biyar ba, ko da kunyar cuɗanyar maza da mata a bakin ruwa, ko da cewa kuɗin manomi sau ɗaya yake zuwa a shekara kuma aure da Sallah na jiransa.

Masu hali na yau sun samo hanyarsu, wato su lulluɓe hutu a cikin dalilin da aka saba da shi: Umara da azumi, wadda akan haɗa da yammaci guda a gaɓar Jidda, ko sarin kaya a Dubai, ko ganin likita a Alƙahira. Ga sauran jama'a kuwa, shekarun 'yan bindiga sun mayar da ko da gajeriyar tafiya abin shiri. An kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, a 2021 kuma gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi na tsawon watanni. Tun daga wannan lokaci direbobin yankin suka saba da jiran juna a tasha su tashi a jere, sai rana ta ɗaga, a tambayi wanda ya fito daga can halin da hanya take ciki, a kuma yi ƙoƙarin isa gida kafin magariba.