Ƙiba da Ƙoshi a Tarihin Ƙasar Haɗejiya

Wanda duk ya yi nufin fahimtar dalilin da ya sa mutanen ƙasar Haɗejiya suka daɗe suna ganin ƙiba da daraja, har suna lissafa teɓa cikin alamomin arziki da kwanciyar hankali, lalle ne ya fara da duban kogin da ke ratsa ƙasar, domin shi ne ya tsara musu lokacin ƙoshi da lokacin yunwa tun kafin Sarki Sambo ya kafa mulkin Fulani a farkon ƙarni na 19. Idan damina ta yi albarka, ruwa ya malala cikin fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma, sai shinkafa ta nuna, masunta su cika koma da tarwaɗa da karfasa, mata su jera kifi a kan banda hayaƙi na tashi dare da rana; idan kuwa ruwan ya ƙi zuwa, sai rumbu ya ƙare tun kafin bazara ta raba, a koma ga tafasa da rama.

Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta zo 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci birnin Haɗejiya da yaƙi a 1906, ta bar tabo a zukatan kakanninmu, haka kuma farin 1972 zuwa 1974 ya sake tuna wa jikokinsu abin da aka fara mantawa. A irin wannan zama jikin ɗan Adam yakan zama rumbu na biyu, kamar gaiwa da ke shigewa cikin taɓo da rani tana rayuwa da abin da ta tara a jikinta har ruwa ya dawo. Saboda haka ne uwa ke ɗura wa amarya fura da nono gabanin biki, ake cika mai jego da kunun kanwa da gasasshen nama, kuma idan dangi suka ziyarci 'yarsu suka tarar ta yi kumatu, sai su koma gida suna yabon mijin da cewa ya iya kiwo.

Amma fa malamai ba su taɓa sakin wannan al'ada ba linzami ba. A makarantun zaure ana karantar da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya yi umarni da a kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kuma Imamu Gazali ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u kan karya sha'awar ciki da ta farji. Sai jama'a suka tashi da mizani biyu: ƙiba ni'ima ce, haɗama kuwa aibi ce da ake yi wa yaro faɗa a kanta tun yana cin tuwo a akushi ɗaya da 'yan'uwansa, inda idon yaya ke kan lomar ƙane. Bugu da ƙari, noma da su da tafiyar ƙasa suna narkar da abin da aka ci, ta yadda ba kasafai ƙiba ke kai talaka ga cuta ba.

Zamani ya sāke wannan lissafi. Jirgin ƙasa ya bi ta Malam Madori ya isa Nguru a 1930, kuɗin gyaɗa suka shigo, sukari da fulawa suka biyo baya. Aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, noman rani ya bunƙasa ko da yake ambaliyar da fadamu suka saba da ita ta ragu. Babur ya maye gurbin ƙafa, kujerar ofis ta maye gurbin fartanya ga mutane da yawa. Sha'awar ƙiba kuwa ba ta gushe ba, har wasu 'yan mata suka koma ga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, alhali ciwon sukari da hawan jini suna ta yawaita a gidajen da a dā yunwa kaɗai ake tsoro.

A nan ne mizanin kakanni ya gaza, domin akwai wani hali na uku da ba ni'ima ba ne, ba kuma haɗama ba. Likita Albert Stunkard na Amurka ya bayyana shi a 1959, likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar kuma suka tabbatar da shi a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013: mutum ya ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, da gaggawa, ba don yunwa ba, ya kasa tsayawa har cikinsa ya yi ciwo, sau da yawa a ɓoye saboda kunya, sa'an nan nadama ta lulluɓe shi, kuma abin ya riƙa maimaituwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Tiyatar rage tumbi, wadda Edward Mason ya buɗe babinta a Jami'ar Iowa a 1966, tana taimakon masu ƙibar da ta wuce kima, amma ba a yi wa kowa ita. Sharaɗin da aka kafa a Amurka a 1991 shi ne ma'aunin nauyi da tsawo ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta irin ta sukari, aka kuma sassauta shi a 2022. Mai waccan lalura ta kasa tsayawa da ci ba a haramta masa tiyata ba, sai dai likitoci sukan binciki halin zuciyarsa, su fara yi masa magani, domin wuƙa tana rage tumbi ne, ba ta cire damuwar da ke tura hannu cikin kwano.

Wajibi ne, saboda haka, iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya na masarautar Haɗejiya su daina yabon kowace ƙiba, su kuma daina zargin kowane mai yawan ci, su koyi bambance mai haɗama, wanda nasiha ta ishe shi, da marar lafiya, wanda haƙƙinsa ne a rufa masa asiri a kai shi asibiti.