Akwatin Rabo da Allon Umurni: Tarihin Wutar Lantarki a Ƙasar Gwandu

Matafiyin da ya bi hanya daga Gwandu zuwa Kalgo zai ga akwatunan ƙarfe a gindin taransifoma a bakin titi, in kuma ya leƙa masana'antar casar shinkafa ta zamani zai ga wasu masu kama da su a jikin bango. Jama'a kan kira su duka akwatin wuta. Amma iri biyu ne, aikinsu dabam, tarihin zuwansu ma dabam.

Na farko ya zo ne tare da wutar gwamnati. An kafa hukumar ECN a 1950, Hukumar Madatsun Kogin Kwara kuma a 1962. Madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, sa'an nan a 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA. Daga Kainji aka ja babban layi mai ƙarfin bolt 330,000 zuwa Birnin Kebbi, inda ake rage shi mataki-mataki, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har ya kai abin da gida zai iya ɗauka. A ƙarshen wannan silsila ne akwatin rabo yake. Cikinsa sandunan tagulla ne masu kauri da fis-fis, aikinsa kuwa biyu ne kawai: ya raba wuta ga unguwanni, ya kuma yanke ta idan lodi ya wuce kima. Kamar mai rabon ruwa yake a fadama. Ba ruwansa da abin da manomi ya shuka. NEPA ta koma PHCN a 2005, rabon wutar Jihar Kebbi ya koma hannun kamfanin da ke Kaduna, amma aikin akwatin bai sake ba.

Na biyu asalinsa Amurka. A 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi na'urar da za ta maye gurbin ɗaruruwan makunnai da ke tafiyar da injunansa, waɗanda sai an kwance wayoyinsu duk lokacin da aka sauya samfurin mota. Daga nan aka sami ƙaramar kwamfutar masana'anta da ake kira PLC, ita ce ƙwaƙwalwar allon sarrafa injuna. Wannan allo umurni yake bayarwa. Yana sauraron na'urorin awo, ya san zafin tukunyar turara shinkafa, ya san lokacin da tanki ya cika, ya tayar da wannan inji ya kwantar da wancan bisa tsarin da aka rubuta masa. Wutar da yake tunani da ita ƙanƙanuwa ce, galibi bolt 24.

Irin wannan allo bai sami wurin zama sosai a wannan yanki ba sai da noman shinkafa ya bunƙasa. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar WACOT a Argungu. Shinkafar fadamun Kebbi, har da na Kalgo, ta soma bi ta hannun injunan da allo ke jagoranta.

A nan ne bambancin ya shafi ma'aikacin gwamnati. Akwatin rabo yana jure rana da ƙurar hunturu, kuma mai gyaran wuta na gari ya iya sauya masa fis. Allon sarrafawa ba haka yake ba. Zafin bazara kan gajiyar da shi, ƙura kan toshe masa iska, wutar da ke hawa da sauka kan ƙone masa ƙwaƙwalwa. In ya mutu kuma, ko da akwai wuta, famfon ruwan gari tsayawa zai yi har sai an sami wanda ya san tsarin da ke cikinsa. Jami'in da ya sa su a layi ɗaya cikin takardar kwangila, ya manta da kuɗin sanyaya allon da kwafin tsarinsa da horar da mai kula da shi, ya sayi injin da ba zai daɗe ba.

Tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Masana'antun yankin na bukatar matasan da suka iya karanta tsarin da ke cikin allon, su gyara shi ba sai an jira wani daga Kano ko Ikko ba.