Gonar da Ke Cikin Kwamfuta

A farkon shekarun 1990 na fara ganin an shuka masara a cikin kwamfuta. Malaminmu ya zura faifai, ya ba na'urar ruwan saman kowace rana da zafinta da hasken ranarta, ya gaya mata irin ƙasar da zurfinta, ya danna maɓalli. Kafin shayinmu ya huce, damina guda ta wuce: ga ranar fitar fure, ga damshin da ya rage a kowane hawa na ƙasa, ga amfanin da za a girbe. Mu da muka saba jiran wata huɗu a rana kafin mu ga sakamakon gwaji ɗaya, abin ya girgiza mu. Sunan manhajar DSSAT, ta fito a 1989 daga wani shiri da aka fara a Jami'ar Hawayi a 1982.

Sai daga baya na gane cewa asalin wannan sana'a a gona yake. A 1843 Lawes da Gilbert suka fara gwajin alkama a filin Broadbalk da ke Rothamsted a Ingila, wani yanki da kashin dabbobi, wani da takin zamani, wani ba komai, kuma har yau ba a fasa ba. Kowane zamani ana ɗibar ƙasar a adana a kwalabe. Da waɗannan kwalabe ne Jenkinson da Rayner suka iya tsara lissafinsu a 1977, wanda ya zama RothC: suka raba ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasa gida biyar, wani ya narke cikin watanni, wani ya daɗe ƙarnuka. Shekara goma bayan haka Parton da abokansa a Kolorado suka fito da nasu lissafin mai suna Century daga makiyayar tsakiyar Amurka. Lissafin tafiyar ruwa cikin ƙasa kuwa ya girme su duka, tun 1931 Richards ya rubuta shi, ya zauna a takarda har na'urar da za ta iya warware shi ta zo.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne C. T. de Wit na Wageningen a Holan. Shi da ɗalibansa sun rungumi harshen CSMP na kamfanin IBM, wanda ke barin masani ya rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita, na'ura ta yi tarawar. A ƙarshen shekarun 1970 suka kawo wannan tunani Mali, suka yi aiki da masanan ƙasar kan makiyayar Sahel. Kowa a lokacin ya ɗauka ruwa ne kaɗai matsalar Sahel, ga fari bai daɗe da wucewa ba. Lissafi ya nuna ciyawar da ruwan da ke sauka zai iya fitarwa, awo a fili ya nuna ba a kai ko kusa ba. Rahoton da Penning de Vries da Djitèye suka fitar a 1982 ya ce, ban da can arewa inda ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, yunwar naitirojin da fosfaras ce ke danne tsiro. A ganina babu hidimar da kwaikwayon kwamfuta ya yi wa yankinmu da ta kai wannan. Giɓin da ke tsakanin abin da na'ura ta ce da abin da ƙasa ta bayar shi ne ya tona gaskiya.

Mu ma da irin wannan giɓin muka koyi aiki. Na tuna gwajin gero da na yi a jigawa, na cika fayil ɗin ƙasa da kyau, kowace lamba a gurbinta, domin manhajar da Fortran aka rubuta ta, in ka goce da tazara ɗaya sai ta karanta wani abu dabam. Amsar da ta fito ta zarce abin da muka auna a masussuka nesa ba kusa ba. Na yi makonni ina neman kuskure a hannuna. Ashe manhajar a wancan zamani ruwa da naitirojin kawai ta sani, ta ɗauka fosfaras a wadace yake, alhali shi ne abin da jigawar ta fi rasa, kamar yadda gwaje-gwajen cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka yi ta nunawa. Kuma ba shi kaɗai ba. Manhaja na zaton karan da aka bari a gona zai ruɓe a wurin. A wurinmu a kan kwashe shi a yi danga da girki, shanu su cinye saura, gara ta ja ragowar zuwa shuri. Ƙurar hunturu na sauke sinadarai daga sama kowace shekara. Ruwan farko kan yi wa fuskar ƙasa ɓawo, ruwa ya gangare maimakon ya nutse. Hatta ƙididdigar da ke hasashen riƙon ruwa daga yawan yashi da yumɓu, irin ta Saxton da Rawls, da ƙasar gonakin Amurka aka gina ta, yumɓunmu kuwa galibi mai raunin riƙo ne.

'Yan Ostareliya sun ɗauki wata hanya da manhajar APSIM a cikin shekarun 1990: suka sa ƙasa a tsakiya, amfanin gona ya zo ya wuce ya bar mata gadonsa. Aikinsu da ƙananan manoma a Kenya ya taimaka aka shigar da takin dabbobi da fosfaras. Daga nan muka fara iya tambayar abin da manomi ke tambaya da gaske, wato idan na bi gero da wake, ko na zuba ɗan takin da nake da shi a gindin shuka, me gonar za ta zama bayan shekara goma.

Abin da ke ci mini rai shi ne muna da namu tushen. Gwajin DNPK na Samaru, mai kwatanta kashin shanu da naitirojin da fosfaras da fotash, tun 1950 aka fara shi, yana cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma. Irin wannan fili dukiya ce da kuɗi ba ya saye, domin ba a gaggauta shekara saba'in. Amma na taɓa zuwa wata tashar gwaji neman littafin ruwan sama na shekaru ashirin, na tarar gara ta cinye rabinsa a ɗakin ajiya. Na zauna a bakin ƙofar na daɗe ban ce komai ba.

Yau ɗalibi kan sauke bayanan ƙasa daga taswirar SoilGrids, ya ɗauko yanayi daga taskar NASA, ya gudanar da damina dubu kafin azahar. Ina murna da wannan sauƙi, mun sha wuyar rashinsa. Sai dai taswirar nan hasashe ce daga ramukan da wasu suka haƙa, kuma ramukan da aka haƙa a yankinmu kaɗan ne. Shi ya sa duk wanda ya zo hannuna, kafin ya taɓa manhaja, sai mun fita gona. Mu yi wa ɗan fili kunya a kewaye, mu cika shi da ruwa har ya ƙoshi, mu rufe da leda don kada rana ta sha, mu dawo bayan kwana biyu ko uku mu ɗebi ƙasa hawa-hawa, mu auna ta a jiƙe, mu busar a tanda, mu sake aunawa. Lambar da ya samu ita zai rubuta a fayil ɗinsa, da sunan ƙauyen da ranar da aka haƙa.