Azuminku Yaushe Ne?

In ka taɓa zama a Rafin Guza ko wata unguwa ta arewacin kogin Kaduna, inda masu bi suka ragu tun bayan rikicin shekarar 2000, ka san tambayar da maƙwabtanmu Musulmi sukan yi mana cikin ladabi: "Ku azuminku yaushe ne?" Ɗan Katolika zai ce ya soma ran Larabar Toka. Ɗan Fentikostal zai ce ya gama nasa tun watan Janairu. Ɗan ECWA kuwa mai yiwuwa ya ce ikkilisiyarsa ba ta ɗora wa kowa wata rana ba. Mai tambaya ya tafi da mamaki, mu kuma kowa ya koma gida yana zargin ɗan'uwansa a zuci: wannan ya ce wancan al'adar mutane yake bi, wancan ya ce wannan ya yar da gadon kakanni. Kafin ka yanke hukunci, zo mu bi sawun wannan bambanci har tushensa.

Gardamar ta girmi kowace ɗarika da ka sani. A ƙarni na biyu, ikkilisiyoyin Asiya Ƙarama, wato ƙasar Turkiyya ta yau, suna yin idinsu ran 14 ga watan Nisan, ranar Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ko da wace ranar mako ta faɗo. Roma kuwa ta ce sai ran Lahadi, ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu. Wajen shekara ta 155, Folikaf, tsohon bishop na Samirna wanda ya yi almajiranci wurin manzo Yohanna, ya tafi Roma ya gana da bishop Anisetus. Sun tattauna, ba wanda ya rinjayi wani. Duk da haka Anisetus ya ba baƙonsa girma, ya sa shi ya jagoranci Jibin Ubangiji a majami'arsa, suka rabu lafiya. Bayan shekara talatin da 'yan kai, wani bishop na Roma mai suna Biktor ya yi niyyar yanke zumunci da ikkilisiyoyin Asiya saboda wannan magana. Sai Ireniyus na Liyon ya rubuta masa, ya tuna masa da halin waɗannan dattawa biyu.

A shekara ta 325 majalisar Nikiya ta yanke shawara dukan masu bi su yi Ista rana ɗaya. Ƙa'idar da ta zauna daga baya ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris. Shi ya sa Istarmu ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a tsakiyar zafin bazara. Kirsimeti ya zo a baya: shaida mafi tsufa ta bikinsa ran 25 ga Disamba daga Roma take, ta shekarar 336. Armeniyawa har wa yau ran 6 ga Janairu suke yinsa.

Lissafin kwanaki ya sake raba hanya a 1582, sa'ad da Fafaroma Giregori na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Yuliyas Kaisar. Aka kwanta ran 4 ga Oktoba, aka wayi gari 15 ga wata. Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai 1752, ikkilisiyoyin Gabas da yawa kuwa sun riƙe tsohon lissafi, wanda yanzu yake baya da kwana 13. Don haka 'yan'uwanmu na Masar da Habasha da Rasha suke Kirsimeti ran 7 ga Janairu. A 2024 mun yi Ista ran 31 ga Maris, su sai 5 ga Mayu. A 2025 lissafin biyu suka haɗu ran 20 ga Afrilu. Azumin ma haka yake. Yamma tana ƙirga kwana 40 daga Larabar Toka, ban da ranakun Lahadi. Gabas ran Litinin take somawa, ba ta shafa toka. Habasha kwana 55 take yi, ba nama, ba madara, ba ƙwai.

Zamanin Gyaran Ikkilisiya ya kawo rabuwa ta uku. Mabiyan Luta da Angilikan sun riƙe lokatan shekara: makonni huɗu na jiran haihuwar Almasihu, Kirsimeti, azumi, Ista, Fentikos. Waɗansu kuwa suka ce ranar da Littafi Mai Tsarki bai umarta ba, kada a ɗaure lamirin kowa da ita. Tsananin wannan ra'ayi ya kai majalisar dokokin Ingila ta soke bikin Kirsimeti da Ista a 1647, ba a maido su ba sai 1660.

To, dukan waɗannan rassa sun iso ƙasarmu a cikin kayan 'yan mishan. Likita Walter Miller na CMS ya zauna a birnin Zariya a 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa, da littafin addu'ar Angilikan da lokatansa. Limaman Katolika na SMA sun kafa a Shendam a 1907. Niels Brønnum na Danmak ya kai koyarwar Luta Numan a 1913. Mishan ta SIM, wadda Gowans da Kent da Bingham suka soma a 1893, ta haifi ECWA a 1954. Ita da SUM da ta sauka a Wase a 1904 sun tattaro ma'aikata daga ɗariku da yawa, suka dogara ga wa'azi da karatun Littafi fiye da kalanda. Ka ga ashe, yawancinmu ba mu zauna muka zaɓi kalandarmu ba. Wanda ya riga isa ƙauyen kakanka da bishara, shi ya ba ka ita. Jirgin ƙasa da aikin gwamnati da barikin soja suka tara jikokin nan duka a Kaduna, har suka zama maƙwabta a layi ɗaya.

Mu ma mun ƙara namu. Godiyar kaka, ranar da ake jera dawa da masara da doya a gaban bagade, da makon Zumuntar Mata, da sujadar daren 31 ga Disamba, duk sun zama lokatai a shekararmu, har ga waɗanda suke cewa ba su bin kalanda. Kowace ikkilisiya tana da tata, ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba.

Manzo Bulus ya riga ya taɓa wannan batu a sura ta 14 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa: mai kiyaye rana da wanda ya ɗauki ranaku duka ɗaya, kowannensu ga Ubangiji zai ba da lissafi, ba ga ɗan'uwansa ba. Inda muke 'yan kaɗan, raini a kan ranaku asara ce da ba za mu iya ɗauka ba, gama tsintsiya sai a ɗaure take shara. In ka ga toka a goshin 'yar'uwarka, ka tuna ƙura ce kai ma, ka yi mata addu'a. In kai ne mai tokar, kada ka ƙirga wa maƙwabcinka lomarsa. In kuma aka sake tambayarka yaushe ne azuminku, ka amsa ba tare da kunya ba: kwanakinmu dabam dabam ne, amma gicciye ɗaya muke dubawa, kabarin da muke shaida kuwa babu kowa a cikinsa.

Ubangiji ya ba mu zuciyar Folikaf da Anisetus. Amin.