Allo da Tofi a New Bell

A shekarar 1914 Jamusawa suka matsa wa mutanen Duwala lamba su bar bakin kogin Wuri su koma bayan gari, wurin da aka sa wa suna New Bell. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ya ƙi yarda, aka rataye shi. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi, cikinsu har da fatake Hausawa da suka gangaro ta Adamawa. Duk inda fatake suka yada zango, malami na biye da allo da tawada.

Malamin shi ne likitan unguwa. Yakan yi wa mai ciwo tofi da Fatiha, Falaƙi da Nasi, ya wanke masa rubutun sha, ya ɗinke laya. Sai dai almajiri ba ya kai wannan matsayi da hadda kawai. Bayan babbaƙu da farfaru da sauka, sai ya zauna a zaure, malam na jan baƙi yana fassarawa kalma bayan kalma: shifa'u waraka ce, da'u cuta, dawa'u magani, hasidi mai hassada. Wasali ɗaya in ya goce, ma'ana ta sauya.

Hausa ce gadar da Larabcin ya bi ya shiga zukata. Yau jikokin fataken suna jin Faransanci. In Hausa ta yi rauni a bakinsu, za su gaji lafazi, ma'ana ta bi malaman zaure kushewa.